SHAFALI VERMA: YARINYAR DA TA YI ASKI DON TA BUGA KURKET

Ran 2 ga watan Nuwamba, 2025, ƙungiyar matan ƙasar Indiya ta ci Kofin Duniya na wasan kurket, karo na farko a tarihinta, bayan ta doke Afirka ta Kudu a birnin Navi Mumbai. Wadda aka zaɓa gwanar wasan a wannan rana kuwa wata yarinya ce 'yar shekara 21, mai suna Shafali Verma, wadda mako guda kafin nan ko sunanta babu cikin ƙungiyar.

Masu karatunmu mazauna Ikko watakila sun taɓa ganin ana wannan wasa a filin da ke Dandalin Tafawa Balewa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe. Wani ya jefo ƙwallo, wani kuma ya tare da faffaɗan katako, yana kare wasu sanduna uku da aka kafa bayansa. In ya maka ƙwallon ta yi nisa sai ya sami maki. In kuwa ƙwallon ta bugi sandunan, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, to, an fitar da shi ke nan, sai wani ya shigo.

An haifi Shafali ran 28 ga watan Janairu, 2004, a garin Rohtak cikin Jihar Haryana. Mahaifinta yana da ɗan kantin kayan ado na zinariya, kuma mayen kurket ne. A shekarar 2013 ya ɗauke ta zuwa ƙauyen Lahli don su kalli Sachin Tendulkar, watau gwanin gwanayen Indiya, gab da zai bar wasa. Tun daga nan yarinya ta ƙwallafa rai.

Amma fa da wuya. Wuraren koyon wasan a garinsu duk na maza ne, suka ƙi karɓarta. Da uban ya ga haka sai ya sa aka yi mata aski irin na samari, ta saje da su. Har wata rana wanta ya kwanta rashin lafiya ana gab da gasar yara, ta sa rigarsa ta shiga a madadinsa, aka kuwa tashi ita ce gwanar gasar.

Cikin watan Satumba, 2019, tana da shekara 15, ta fara buga wa ƙasarta. Bayan wata biyu ta ci maki 73 a karawarsu da ƙungiyar tsibiran West Indies. Da wannan ta zama mafi ƙarancin shekaru cikin 'yan Indiya, maza da mata, da suka taɓa cin maki hamsin a wasan ƙasa da ƙasa. Wanda ke riƙe da wannan matsayi shekara talatin kuwa ba wani ba ne, Tendulkar ɗin nan ne da ta je kallo.

Sa'an nan ta ɗanɗani ɗacin abin. Ran 8 ga watan Maris, 2020, a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na gajeren wasa a birnin Melbourne, gaban 'yan kallo 86,174, ƙwallon da Alyssa Healy ta Ostareliya ta buga ta kuɓuce wa Shafali daga hannu tun farkon wasa. Healy ta ci gaba har ta tara maki 75. Da Shafali ta zo bugu, maki biyu kacal ta samu aka fitar da ita. Ostareliya ta ci kofi, yarinya ta bar fili tana hawaye.

Duk da haka ba ta karaya ba. A watan Janairu, 2023, ta shugabanci 'yan matan Indiya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci Kofin Duniya na farko da aka shirya wa masu wannan shekaru, a Afirka ta Kudu. A watan Yuni, 2024, ta ci maki 205 ita kaɗai cikin yini guda a birnin Chennai.

To, amma a wasan yini guda, inda kowane gefe ke da jifa 300, gaggawarta takan sa a fitar da ita da wuri. Saboda haka a ƙarshen 2024 aka sauke ta daga ƙungiyar. Ta faɗa da bakinta cewa ta ɓoye wa mahaifinta labarin kwana da kwanaki, domin a lokacin yana kwance ba lafiya. Ta koma buga wa jiharta, ta yi ta tara maki, amma da aka fitar da sunayen masu zuwa Kofin Duniya na 2025, babu nata.

Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama. Ana gab da wasan kusa da na ƙarshe sai Pratika Rawal, wadda ta gaje ta, ta ji ciwo a ƙafa, aka aika Shafali ta zo. A wasan farko maki 10 ta samu. A na ƙarshe kuwa ta ci 87 cikin jifa 78, Indiya ta tashi da 298. Bugu da ƙari, da 'yan Afirka ta Kudu suka fara matsowa, shugabar ƙungiya Harmanpreet Kaur ta miƙa mata ƙwallo ta yi jifa, alhali ba aikinta ba ne sosai. Nan take ta fitar da Sune Luus da Marizanne Kapp, manyan 'yan wasa biyu. Indiya ta ci da ratar maki 52.

Sau biyu ke nan Shafali tana shiga fili a madadin wani, kuma duk sau biyun an tarar da ita a shirye.

Mu ma nan gida 'yan matanmu sun taso. A watan Maris, 2024, sun ci lambar tagulla a Wasannin Afirka da aka yi a Ankara, babban birnin Gana. A watan Janairu, 2025, kuma, 'yan ƙasa da shekara 19 suka je Maleshiya, karonsu na farko a gasar nan da Shafali ta fara ci, suka doke New Zealand da maki biyu. Saura iyaye su bar 'ya'yansu mata su gwada, ba sai sun yi aski ba.