A Sayi Garantin Mota, Ko A Tara Kuɗin A Asusu?

A makon nan zancen mota za mu yi. Kada wata ta ce wannan ai maganar maza ce. Yau akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa mata masu motocin kansu, ga kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu da su ke karatu ko aiki a Amurka, inda a garuruwa da yawa mota ta zama kamar takalmi. Wadda ba ta da mota ma, in ta maigida ta lalace, ai a tukunyarta za ta gani.

Abin da za mu duba shi ne wata takarda da a ke sayarwa a Amurka, wadda a ke kira ƙarin garanti. Sai mu fara rarrabe abu uku, don kada su rikice mana.

Na farko, garantin kamfanin da ya ƙera mota. Wannan yana zuwa tare da sabuwar mota, ba a biyan kome dabam dominsa. A Amurka kamfanin Toyota ya kan ɗauki nauyin gyaran sabuwar mota shekara 3 ko tafiyar mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Na inji da giya kuwa shekara 5 ne ko mil 60,000. Kamfanin Hyundai ya kan ba wanda ya fara sayen motar shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya.

Na biyu, inshora. Ita don haɗari a ke yin ta. A nan Nijeriya, cikin Janairun 1 ga shekarar 2023 aka ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ita kuwa ɓarnar da kika yi wa wani ta ke biya. Ba ruwanta da injin da ya buga.

Na uku shi ne ƙarin garantin nan. Wani kamfani ne dabam, sau da yawa ba shi ya ƙera motar ba, zai ce ki ba shi kuɗi yanzu, in wani abu ya lalace nan gaba shi zai biya makaniki. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sha faɗa wa mutane cewa wannan ba garanti ba ne a wurin doka, yarjejeniyar gyara ce kawai. Watau alkawari kika saya, alkawari kuwa darajarsa tana ga mai yinsa.

To, bari mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Akwai wata mujallar masu sayayya a Amurka, sunanta Consumer Reports. A ƙarshen 2013 ta tambayi mutane fiye da 12,000 da su ka sayi irin wannan takarda. Cikin kowane mutum 100, mutum 55 ba su taɓa amfani da ita ba ko sau ɗaya. Kuɗin da aka biya, in aka ɗauki tsaka-tsaki, dala 1,200 ne da 'yan kai. Waɗanda su ka yi amfani da ita kuwa, gyaran da aka biya musu wajen dala 837 ne. Ashe ko wadda motarta ta lalace, hasarar wajen dala 375 ta yi.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Daga cikin kuɗin da kika bayar dillalin da ya sayar miki zai cire la'adarsa, a biya ma'aikata, a biya masu talla a rediyo da talabijin, kamfani ya ɗauki ribarsa. Abin da ya rage shi ne na gyara. In da kamfanin yana mayar wa mutane fiye da abin da ya karɓa, da tuni ya rufe. Ga wani abu kuma. Yawancin masu sayen mota a can bashi su ke ci, dillali kuwa ya kan cusa kuɗin takardar cikin bashin, har ta kai mace tana biyan kuɗin ruwa a kan gyaran da ba a yi ba.

Sa'an nan sai ƙananan rubutun da ke bayan takarda, waɗanda ba kowa ke karantawa ba. Abubuwan da su ke cinyewa da aiki, irin su taya da batir da takalmin birki da kuloci, galibi ba sa ciki. Lalacewar da motar ta ke da ita tun kafin a sa hannu ba ta ciki. Da yawa sai an jira kwana 30 da tafiyar mil 1,000 kafin takarda ta soma aiki. Duk zuwa gareji kuma akwai wani abu da za ki biya daga aljihunki, misali dala 100. In makaniki ya kwance inji kafin kamfani ya ba da izini, suna iya ƙin biya. In ba ki ajiye rasit na juyen baƙin mai ba, sai su ce sakacinki ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma waɗansu kamfanonin sun ci ladan, sun kuma tanadi dalilai ashirin na ƙin askin.

Ba zargi na ke yi ba, abin yana rubuce. Wani babban kamfanin irin wannan ciniki a jihar Misuri, sunansa US Fidelis, ya karye a 2010, daga baya aka ɗaure masu shi. A 2024 kamfanin CarShield ya yarda ya biya dala miliyan 10 don a kashe ƙarar da hukumar ciniki ta kai shi a kan tallan da ta ce na yaudara ne. Akwai kuma masu buga waya su ce wai garantin motarki ya kusa ƙarewa. A 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci tarar wani gungunsu kusan dala miliyan 300, saboda sun buga waya fiye da sau biliyan 5 cikin wata uku kacal. Saboda haka ki gaya wa 'yarki da ke can, in aka kira ta da wannan magana, ta ajiye waya, kada ta ba da lambar katin bankinta.

Duk da haka ba zan ce takardar ba ta da rana sam ba. A ce ga mace mai mota ɗaya tak, da ita ta ke zuwa aiki, ba ta da ajiya, motar kuma irin mai tsadar gyara ce, tana kuwa nufin riƙe ta shekaru. Irin wannan, in giya ta lalace, aikinta ma yana iya tafiya. In ta ga hankalinta ba zai kwanta ba sai da takarda, to, ta kiyaye abu huɗu. Ta nemi wadda kamfanin da ya ƙera motar ya tsaya mata. Ta duba kada ta biya kuɗi a kan shekarun da garantin asali bai ƙare ba. Ta karɓi yarjejeniyar ta tafi da ita gida, ta karanta jerin abin da ba a biya kafin ta karanta na abin da a ke biya. Ta kuma taya, gama farashin nan ba yankakke ba ne, ana ragewa kamar na atamfa a kasuwa. Yawancin takardun suna ba da kwanaki, sau da yawa 30, da za a iya fasawa a karɓi kuɗi.

Mu da mu ke gida kuwa, ga inda abin ya shafe mu. Da yawa cikin motocin da a ke kira Beljam ko tokumbo daga Amurka su ke fitowa, a sauke su a Legas ko Kwatano. Wani lokaci a kan tarar da takardun garanti a cikinsu, dillali ya nuna miki don ya ƙara kuɗi. Kada wannan ya ruɗe ki. Irin waɗannan takardu don gyara a can aka rubuta su, ba za su biya makanikin Kano ko na Zariya ba. Haka nan in dillali ya ce da baki, "Hajiya, na ba ki garantin wata uku," ki ce, "Alhaji, a rubuta, a faɗi abin da ya shiga, a sa hannu gaban shaidu." Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya fi takarda amfani shi ne ki je da makanikin da kika amince da shi, wanda ba abokin dillali ba ne, ya duba motar sama da ƙasa kafin ki biya. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17. Da ita a ke bincika tarihin motar Amurka ta intanet, a ga ko ta taɓa yin mummunan haɗari ko ruwa ya taɓa cinye ta.

Bayan wannan sai asusu. Mu mata ba sai an koya mana adashi ba. Ki ware wani abu kowane wata da sunan mota, kada biki ko suna ya taɓa shi. Ki riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, ki duba ruwan lagireto, in kin ji baƙon ƙara kada ki bari ya kwana biyu. In mota ta lalace, ga kuɗinki a hannu, ba mai tambayarki rasit. In ba ta lalace ba, kuɗin yana nan, ya zama na makarantar yara ko somin kuɗin wata motar. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Wadda ta ke da tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto wa wannan fili. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka cikin abin da mu ke samu. Sai mako mai zuwa.