Koyon Harshen Mos da Wayar Hannu

Matashin Dudunni, ko na Kankiya da Kusada, mai sha'awar rediyon 'yan sa-kai, ba sai ya mallaki na'urar aika saƙo zai fara koyon harshen Mos ba. Wayar hannu da abin sawa a kunne sun wadatar.

Harshen Mos, wanda ya ci sunan Ba'amurke Samuel Morse, ƙara biyu ce kawai, gajera (ɗigo) da doguwa, doguwar ninki uku na gajerar. Tun 2003 dokar sadarwa ta duniya ta daina wajabta shi ga mai neman lasisin rediyon 'yan sa-kai, amma bai mutu ba, domin yakan ratsa shuuu ɗin da ke haɗiye murya.

Manhajoji irin su IZ2UUF suna bin hanyar Bajamushe Ludwig Koch: a fara da haruffa biyu da cikakken sauri, sai an ci kashi 90 cikin 100 a ƙara na uku. Kada a ƙirga ɗigo. Wanda ya taso da kalangu ya san ba a lissafa bugu, maganar ake ji ɗungurungum. Masu haddace jadawali a takarda su suka fi wahala daga baya.

Saurare kyauta ne. Aikawa kuwa sai da lasisi, kuma lambar kiran rediyo ta Najeriya takan fara da 5N.