Amurka: Me ya sa shirin raba makarantun haziƙai shiyya-shiyya ya tayar da ƙura a gundumar Montgomery?

A gundumar Montgomery da ke jihar Maryland, dab da Washinton babban birnin Amurka, yaron da ya gama aji na 8 kuma kansa ke ja a lissafi yakan sa ido a kan kujera ɗaya daga cikin kimanin 100 da makarantar Montgomery Blair ke warewa kowace shekara a sashenta na kimiyya da lissafi da kwamfuta. Masu nema sun ninka kujerun sau da dama. Wanda ya samu zai yi shekara huɗu yana karatun da wasu ba sa gani sai a jami'a. Wanda ya rasa sai ya koma sakandaren unguwarsu.

Wannan tsari ne hukumar makarantun gundumar ta gabatar da shawarar sauyawa a shekarar 2025, ƙarƙashin shugabanta Thomas Taylor, wanda ya kama aiki a watan Yulin 2024. Shawarar ita ce a raba gundumar shiyya shida, kowace shiyya ta samu nata sassan karatu na musamman, yaro kuma ya nemi gurbi a cikin shiyyarsu kawai. Batun ya raba kan iyaye da malamai da ɗalibai, kuma kowane ɓangare na cewa adalci yake nema.

Mece ce makarantar maganaɗisu?

Amurkawa na kiran irin waɗannan sassa da sunan maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, saboda aikinsu shi ne jawo ɗalibai daga nesa. A ƙa'ida, yaro a Amurka yana zuwa makarantar gwamnati da aka keɓe wa unguwar da iyayensa ke zaune. Makarantar maganaɗisu kuwa tana karɓar yara daga wajen wannan iyaka, ta hanyar duba sakamakonsu ko ta ƙuri'a, domin su yi karatu mai zurfi a wani fanni kamar kimiyya, harsuna, zane ko kiɗa. Ba a biyan kuɗin makaranta.

Ana iya kwatanta su da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977 don tattara haziƙan yara wuri guda. Bambancin shi ne waɗancan na kwana ne, su kuwa na Montgomery na jeka-ka-dawo ne. Saboda haka nisan gida da makaranta babban al'amari ne a wannan taƙaddama.

Asalin tsarin yana komawa ga yaƙi da wariyar launin fata. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe, amma da yake unguwanni sun ci gaba da zama a rabe, makarantu ma sun ci gaba da zama a rabe. Kotuna sun tilasta kwasar yara a bas daga wannan unguwa zuwa waccan, abin da ya jawo bore a birane kamar Boston a shekarun 1970. Sai aka ɓullo da dabarar lallashi: a kai karatu mai kyau makarantar da farare ke gudu, har su nemi zuwa da kansu. A 1984 gwamnatin tarayya ta kafa wani shiri na musamman na tallafa wa irin waɗannan makarantu da kuɗi. Shekara guda bayan haka, a 1985, aka buɗe sashen Blair a garin Silver Spring da wannan manufa.

Yadda tsarin yake kafin shawarar

Montgomery na da mutane fiye da miliyan 1, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu an haife su ne a wajen Amurka, ciki har da 'yan Afirka masu yawa da ke zaune a Silver Spring da Gaithersburg da Germantown. Hukumar makarantunta ita ce mafi girma a Maryland, da ɗalibai kimanin 160,000, manyan sakandare 25, da kasafin fiye da dala biliyan 3 a shekara. Babbar sakandare a can tana farawa daga aji na 9 zuwa na 12, kusan daidai da abin da ake kira lise a ƙasashen da ke amfani da Faransanci.

Sassa uku ne suka fi suna. Akwai na Blair, wanda ke ɗaukar yaran kudancin gundumar. Akwai na makarantar Richard Montgomery a Rockville, wanda tun 1987 yake koyar da manhajar bakaloriya ta ƙasa da ƙasa da ake kira IB, kuma yana karɓar yara daga ko'ina a gundumar. Sai makarantar Poolesville da ke yankin karkara na arewa maso yamma, wadda ke ɗaukar yaran arewacin gundumar a fannin kimiyya da adabi, tana kuma da sashen nazarin muhalli.

Baya ga waɗannan, akwai rukuni biyu na makarantu a gabashin gundumar da iyaye ke da zaɓi a tsakaninsu. Na farko, wanda aka kafa a 1998, ya haɗa Blake da Paint Branch da Springbrook. Na biyu, na 2004, ya haɗa Blair da Einstein da Kennedy da Northwood da Wheaton. Yaro yakan jera makarantun da yake so, sai a raba guraben ta ƙuri'a.

Me shawarar ta ƙunsa?

Kowace shiyya daga cikin shidan za ta ƙunshi manyan sakandare huɗu ko biyar. A cikin kowace shiyya za a samar da fannoni iri ɗaya da na sauran: kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, aikin lafiya, manhajar IB da adabi da harsuna, shugabanci da hidimar jama'a, sai zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sadarwa. Za a rarraba fannonin a tsakanin makarantun shiyyar, ta yadda kowace makaranta za ta riƙe wani abu da zai jawo yaran maƙwabtanta.

Sakamakon haka shi ne Blair da Richard Montgomery da Poolesville za su daina ɗaukar yara daga rabin gunduma ko dukkanta, su koma ɗaukar na shiyyarsu. Rukunan zaɓi biyu na gabas kuma za a rushe su. An tsara sabon tsarin ya fara da yaran da za su shiga aji na 9 a shekarar karatu ta 2027, waɗanda suka riga suka shiga tsoffin sassan kuma su ƙarasa karatunsu a inda suke.

Ba banza aka zaɓi 2027 ba. Hukumar na da gine-ginen sakandare biyu da za ta cika da ɗalibai: Charles W. Woodward da aka sake ginawa, da sabuwar Crown a Gaithersburg. Hakan na nufin dole a sake shata iyakokin makarantu da yawa. Sai hukumar ta ga gara ta haɗa aikin biyu lokaci guda, tun da ba a iya sanin yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka sai an san sassan da za ta riƙe.

Akwai kuma dokar gyaran ilimi da majalisar Maryland ta tabbatar a 2021, wadda ta wajabta a bai wa kowane ɗalibin da ya cika sharaɗi damar bin hanyar karatu mai zurfi, ko ɗaukar darussan kwaleji, ko koyon sana'a mai takardar shaida. Cika wannan sharaɗi yana da wuya idan sassan musamman sun taru a makarantu 'yan kaɗan.

Hujjar masu goyon baya

Hujja ta farko ita ce ƙarancin gurbi. Gundumar da ke da ɗalibai fiye da dubu goma a kowane aji, kujerunta na manyan sassan nan 'yan ɗaruruwa ne. Yara da dama da za su iya karatun ba sa samun shiga.

Ta biyu ita ce su wa ke samun kujerun. Tun a 2016 wani kamfanin bincike mai suna Metis Associates, wanda hukumar ta ɗauka, ya gano cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da 'ya'yan marasa ƙarfi sun yi ƙaranci a sassan da ake shiga ta tantancewa, alhali a yau 'yan Latin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ɗalibai, baƙaƙe kuma sun haura kashi ɗaya cikin biyar. Kaso mai yawa na kujerun yana tafiya ne ga yaran wasu unguwannin masu hali. Iyayen da suka san tsarin sukan fara shirya yaro tun yana firamare. Uwar da ke aiki biyu kuma Turancinta bai nuna ba, sau da yawa ba ta jin labarin sai an rufe karɓar takardu.

Ta uku ita ce nisa. Faɗin gundumar ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,300, ga cunkoson motoci. Yaron da ya samu gurbi a ɗaya gefen sai ya yi sammako, kuma idan ya tsaya wasanni ko ƙarin darasi da yamma sai an samu mai ɗauko shi. Gidan da ba shi da mota ta biyu yakan haƙura.

Akwai wani dalili na shari'a da ke bayan wannan duka. A 2007 Kotun Ƙoli ta taƙaita amfani da launin fata wajen raba ɗalibai a makarantun gwamnati, a 2023 kuma ta hana amfani da shi wajen shiga jami'a. Abin da ya rage wa hukumomi shi ne su duba wurin zama da ƙarfin aljihun iyaye. A gundumar Fairfax ta jihar Virginia, makarantar kimiyya ta Thomas Jefferson ta soke jarrabawar shiga a 2020, ta ware kujeru ga kowace ƙaramar sakandare. Wasu iyaye sun kai ƙara suna cewa an zalunci 'yan asalin Asiya, amma a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Hujjar masu adawa

Masu adawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da ya ɗaukaka Blair, a ganinsu, shi ne tara yara masu irin wannan baiwa a ɗaki guda. Darasin lissafi ko fiziks na matakin jami'a ba ya yiwuwa sai an samu yaran da za su cika aji. Idan aka raba su gida shida, kowace shiyya za ta samu 'yan ƙalilan, sai a soke darasin don rashin masu ɗauka. Suna nuni da tarihin sashen a babbar gasar binciken kimiyya ta ɗaliban sakandaren Amurka, wadda Jacob Lurie, ɗalibin Blair da ya zama shahararren masanin lissafi, ya lashe a 1996. Suna kuma nuni da binciken da ɗaliban ke yi a cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke kusa, kamar cibiyar binciken lafiya ta NIH a Bethesda.

Matsala ta biyu ita ce malamai. Malamin da zai koyar da irin waɗannan darussa yana iya samun albashi mafi tsoka a kamfani ko ɗakin bincike, kuma makarantun Amurka sun daɗe suna kuka da ƙarancin malaman lissafi da kimiyya. Ana iya rubuta sunan sashe a allon makaranta cikin kwana ɗaya, amma samun malamai da kayan gwaji da gogewa yana ɗaukar shekaru. Masu suka na tuna cewa a 2020 an buɗe sassan IB na shiyya a Kennedy da Springbrook da Watkins Mill, kuma har yanzu iyaye da yawa sun fi ɗokin Richard Montgomery.

Abin lura shi ne adawar ba daga unguwannin masu hali kaɗai ta fito ba. Iyaye a gabashin gundumar, inda talakawa da baƙin haure suka fi yawa, suna tsoron rasa zaɓin da suke da shi fiye da shekara 20. Yaron da ke son kiɗa da zane a Einstein, ko injiniyanci a Wheaton, zai iya samun kansa a shiyyar da ba ta haɗa da makarantar ba. Wasu kuma na cewa arzikin gundumar ya fi taruwa a yamma, don haka shiyyoyin ba za su fara a mataki ɗaya ba, kuma layin shiyya zai iya zama sabuwar katanga a tsarin da aka ƙirƙira don rushe katanga. Wannan ne ya sa iyaye da malamai da dama suka nemi a sassauta gaggawa.

Abin da zai raba gardama

Ɓangarorin biyu sun yarda cewa kujerun sun yi kaɗan. Inda suka rabu shi ne ko za a iya ninka inganci kamar yadda ake ninka kujera. Amsar na ga abubuwa uku da za a iya aunawa: kuɗin da za a ware wa kowane sabon sashe, yawan ƙwararrun malaman da za a ɗauka a kuma horar kafin yara su iso, da ko bas zai ɗauki yaro daga unguwarsu ko sai iyaye sun kai shi wata tasha mai nisa.

Ga iyalai baƙi, ciki har da 'yan Afirka da ke zaune a gundumar, akwai abu na huɗu, wato ko bayanin sassan da ranakun neman gurbi za su iso gare su da wuri, cikin harshen da suke ji. Neman gurbin babbar sakandare ana yin sa ne tun yaro yana farkon aji na 8, kusan shekara guda kafin ya shiga, kuma wanda ya makara a wannan lokaci samun wata damar yana da wuya.