Kayan Aikin Masassaƙi: Abin da Ke Faruwa a Wutar Maƙera

Daga cikin masu sana'ar da kwamitocin masallatai kan gabatar mana domin a tallafa musu akwai masassaƙa, masu yin turmi da taɓarya da akushi da ƙota da allon karatu. Hukuncin ba su kayan aiki ba baƙo ba ne a fiƙihu; Imam Nawawi ya bayyana a cikin Al-Majmu'u cewa mai sana'ar da ya cancanci zakka ana ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ingancin kayan. Gizago biyu kan yi kama ɗaya a ido, amma ɗaya ya shekara yana cin ƙirya, ɗaya kuwa ya dakushe kafin la'asar. Bambancin yana cikin irin ƙarfen da yadda aka bi da shi a wuta, kuma ba a ganinsa a kasuwa. Shi ya sa muke ƙarfafa masassaƙi ya shiga maƙera da kansa, ya sa hannu a ƙirar kayansa.

A ƙasar Hausa ƙira da sassaƙa gado ne na gidaje daban-daban, kuma ba muna cewa masassaƙi ya ƙwace sana'ar maƙeran baƙi ba ne. Sai dai shi ne ya san nauyin da hannunsa ke ɗauka, da irin lanƙwasar bakin da ke rarake cikin turmi ba tare da ya tsaga gindinsa ba. Idan ya zauna kusa da uwar maƙera ya riƙe awartaki, ko ya ja zugazugi, zai fita da abin da ya dace da shi, ya kuma koyi gyara shi.

Farkon aiki zaɓen ƙarfe ne. Rodin gini da yawancin tarkacen ƙarfe ba su da isasshen kabon, don haka ko an tsoma su sau goma ba za su yi taurin da baki ke buƙata ba. Abin nema shi ne sifirin mota, wanda ya dace da gatari da gizago, ko tsohon magagari, wanda ya fi kyau ga wuƙa da ƙananan kayan ado. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a goga ƙarfen a injin wasa: mai kabon da yawa yana fitar da tartsatsi mai rassa da fashewa, marar shi kuwa dogayen layuka kawai.

Ana dukan ƙarfe ne yana ja mai haske. Idan ya fara duhu aka ci gaba da zuba masa masaba, zai yi tsagar da ba a gani sai ranar da ya karye a cikin itace. Idan kuma aka bar shi a wuta har ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone, sai a yanke wurin a yar. Bayan an fitar da siffa, a sake ɗumama shi ya yi ja, a binne shi cikin toka ya kwana. Sanyin da ya zo a hankali yana tausasa shi, magagari ya ci shi cikin sauƙi. A nan ake gyara baki, amma a bar masa kaurin kamar milimita 1, domin siririn baki yakan karkace ko ya tsage a mataki na gaba.

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin. Ana mayar da bakin cikin garwashi har ya kai zafin da maganaɗisu ya daina kama shi, wato kusan digiri 770 a ma'aunin Salsiyos, a ɗan ƙara kaɗan, sannan a tsoma shi nan take cikin mai. Man gyaɗa ya wadatar. Ruwa yana sanyaya sifirin da gaggawar da takan fasa shi, tsohon baƙin mai kuwa hayaƙinsa yana cutar da ƙirji. Ya kyautu a yi wannan a inuwa ko da magariba, domin hasken rana yana ɓoye ainihin launin ƙarfe. Idan an dace, magagari zai zame a kan bakin bai kama ba.

Sai dai ƙarfen a wannan hali gautsi gare shi kamar gilashi, kuma a nan masu gaggawa ke yin asara. Dole a rage masa tauri. A goge bakin ya yi haske, a ɗumama ƙarfen daga baya a hankali, a zuba ido ga launin da ke gangarowa zuwa baki: da farko ruwan busasshen kara, wajen digiri 220 zuwa 230, sai ruwan ƙasa, sai ruwan makuba, sai shuɗi a kusan digiri 300. Wuƙar da ake gyara allon aduwa da ita a tsayar da ita a launin kara ta hanyar sake tsomawa. Gizago da gatari, da yake duka suke sha, a bar su su kai ruwan ƙasa. Shuɗi a baki alama ce ta an wuce gona da iri, sai a koma farko. Haka nan mai wasa baki a inji har ya yi shuɗi ya rushe aikin da aka kwana ana yi. Dutsen wasa da ruwa sun fi aminci.

Saboda haka muna ba kwamitoci shawara, idan za su tallafa wa masassaƙi, su sa ladan maƙeri na 'yan kwanaki a cikin lissafi, tare da ƙarfe da magagari da dutsen wasa da gawayi. Gawayin ƙirya ne maƙera suka fi so saboda ƙarfin wutarsa, ga shi itacen yana ƙaranci a dazuzzukanmu. Guntayen da ke zuba wajen sassaƙa turmi sun isa a ƙona su gawayi, masassaƙi ya tafi maƙera da nasa.