Kiran Waya ta Intanet: Ina Kuɗin Ya Koma?

 A shirinmu na yau za mu tattauna a kan kiran waya ta intanet da masu neman abinci a gefensa, kuma za mu yada zango ne a Samaru da Sabon Garin Zariya, inda ɗaliban jami'a da 'yan kasuwa suka mayar da wannan kira abin yau da kullum. Abin da shirin zai tsaya a kai shi ne: arhar kiran intanet gaskiya ce, amma kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Wanda ya gane inda ya koma, shi zai ci moriyar abin, ko mai kira ne ko mai sayarwa.

Kafin shekarar 2001, layukan NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki, layi ɗaya sai mai hali, minti ɗaya kuwa naira 50, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 Glo ta zo da lissafin daƙiƙa. Wannan tsada ce ta haifar da sana'ar masu lema: tebur, kujera, waya ɗaya, a bakin titin Samaru ko a ƙofar kasuwar Sabon Gari, ka kira gida ka biya kuɗin mintinka. Da waya da layi suka yi arha, sana'ar ta mutu, domin abin da take sayarwa ya shiga aljihun kowa.

Kiran intanet ya zo da lissafi na daban. Manhaja takan mayar da muryarka bayanai, ta yayyanka su ƙanana, su bi hanyar da saƙo da hoto suke bi, a sake haɗa su a wayar wanda ka kira. Skype ta fara a 2003, WhatsApp ta shigo da kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016. Minti ɗaya na murya bai cika cin megabait ɗaya ba, kuma nisa ba ya shiga lissafi: wanda yake Kwangila a nan Zariya da wanda yake karatu a Malesiya kuɗinsu ɗaya. Shi ya sa mai shago a Sabon Gari yake iya duba atamfa a Kantin Kwari ko kayan gyara a Onica ta bidiyo kafin ya tura ko sisi, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ya tattauna da abokin bincikensa a Ingila na tsawon awa, uwa ta ga fuskar ɗanta da ke ci-rani. Babu mai hankalin da zai raina wannan.

To, wani zai ce ai magana ta ƙare, a jefar da katin kira kawai tunda ga na kyauta. A nan ne ya kamata a yi lissafi da kyau. Kiran intanet yana buƙatar babbar waya, wadda kuɗinta ya ninka na ƙarama sau da yawa. Babbar waya tana shan caji, kuma idan babu wuta sai an biya mai janareta ko mai sola. Data tana da wa'adi, ko ka yi amfani da ita ko ba ka yi ba, sannan bidiyoyi da sabunta manhajoji suna zuƙe ta a ɓoye. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, kuma data na cikin abin da ya tashi. Kenan kuɗin da a da ake biya a kan minti, yanzu an rarraba shi tsakanin mai waya, mai caji da mai data.

Bayan kuɗi akwai rauni. Dole ne kai da wanda ka kira ku kasance da manhaja ɗaya, da data, da sabis mai ƙarfi a lokaci guda. Ɗalibin da iyayensa suke ƙauye a wajen Giwa da ƙaramar waya, layin kira ne kawai zai kai shi gare su. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da intanet ta tsaya cik ga mutane da yawa a ƙasar nan. Lambar gaggawa ta 112 ba a kiran ta ta WhatsApp. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an daɗe da toshe kiran WhatsApp. Ita kanta Skype, da Microsoft ta saya a 2011 a kan dala biliyan 8.5, an rufe ta a watan Mayun 2025. Abin da yake hannun kamfanin wata ƙasa, ranar da ya ga dama zai naɗe tabarmarsa. Saboda haka hikima ita ce a riƙe hanyoyin biyu: intanet don doguwar hira da kiran waje, layi don gaggawa da mutanen karkara.

Mu dawo kan masu sana'a. Magajin mai lema a yau shi ne mai sayar da data. Yana sara da yawa daga kamfani ko daga manyan dillalai, ya riƙa tura wa mutane kaɗan-kaɗan, ribarsa a kowane ciniki 'yar ƙarama ce, yawan masu saye ne yake riƙe shi. Ɗalibai da dama a Samaru da wannan suke rage wa iyaye nauyi. Akwai masu cewa ɗan tsakiya ne kawai marar amfani, tunda kowa yana iya saye ta manhajar banki. Amma ba kowa ke da asusun banki ba, ba kowa ya iya lambobin sayen data ba, kuma banki ba ya ba da bashin data zuwa ƙarshen wata. Mai data yana karɓar tsabar kuɗi, yana saita wa dattijo waya, yana ɗaga ƙafa. Abin da yake sayarwa a zahiri sauƙi ne da amana. Rauninsa kuma a fili yake: farashi ba a hannunsa yake ba, dillali na iya ɓacewa da jarinsa, kamfani na iya sauya tsari dare ɗaya. Wanda ya sayar da datar da ba ta kai yadda ya faɗa ba, ya sani araha ba ta ado, kuma unguwar ɗalibai ba ta ɓoye labari.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Wasu sukan jawo kiran ƙasar waje ta intanet, su shigar da shi akwati mai cike da layukan gida, ya iso wayarka da lambar Najeriya, don su kauce wa kuɗin da kamfanoni ke karɓa a kan kiran waje. NCC ta daɗe tana yaƙi da wannan. Mai kare su zai ce manyan kamfanoni kaɗai ake cuta. Ba haka ba ne: lambar ƙarya mafaka ce ga ɗan damfara, kuma tun Disambar 2020 da aka fara haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, duk layin da aka yi ɓarna da shi, sunan wanda ya yi rajista za a nema. Matashin da aka ce ya kawo layuka da sunansa a ba shi na goro, kansa yake sayarwa. Jigilar kira sana'a ce mai lasisi a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003.

Don haka, mai kira ya riƙa lissafa waya da caji da data kafin ya ce kyauta ne, ya kuma bar ɗan kati a layinsa. Mai sayarwa ya san dillalinsa, kada ya zuba jarinsa duka wuri ɗaya, ya faɗi gaskiyar yawan data da wa'adinta, ya nisanci harkar layukan aro.