Yadda Za A Zaɓi Man Kare Rana Domin Masu Raunin Fata

Wannan bayani an shirya shi ne domin Hakimai da malamansu, su karanta su isar wa dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa jama'a. Maganar kuwa ta shafi wani mai da a ke shafawa a fuska domin a tsare ta daga cutar rana.

Galibin mutanenmu ba su damu da man nan ba, gama Allah ya sa wa baƙar fata wani launi a cikinta, wanda likitoci ke kira melanin, shi ke tare yawancin sharrin rana. Amma a kowace gunduma akwai waɗanda ba su da wannan garkuwa, ko kuwa tasu ta yi rauni. Su kam, man nan magani ne gare su. Wahalar ita ce, su ɗin ne kuma fatarsu ta fi saurin ƙin mai. Da an shafa wanda bai dace ba sai fuska ta ɗauki raɗaɗi, ta yi ja, ƙuraje su feso. Daga nan sai mutum ya yar da kwalbar, ya rantse ba ya ƙarawa, ya koma cikin rana ba abin da ya tsare shi. Alhali kuwa da an zaɓa masa da sani, da ya zauna lafiya.

1. Waɗanda abin ya shafa

Na farko su ne zabiyoyi. Zabiyanci gado ne, ba a ɗaukarsa ta wurin cuɗanya, ba kuwa laifin uwa ba ne. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa a jini, ko da su baƙaƙe ne, sa'an nan kowane ciki ya kan zama da rabo ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Fatar zabiya ba ta da melanin sai kaɗan, saboda haka rana ta kan ƙona ta cikin ɗan lokaci. In ƙunar ta yi ta maimaituwa shekara da shekaru, sai ta zama sankarar fata, galibi a fuska da kunne da leɓe da wuya. Wannan ciwo ya halaka zabiyoyi da yawa a ƙasashen Afirka tun suna da ƙuruciya.

Na biyu su ne waɗanda man bilicin ya ɓata wa fuska. Mayukan nan su kan ƙunshi magunguna masu ƙarfi waɗanda ke rage melanin, su kuma siranta fata, har ta zama ba ta jure rana, ba ta kuwa jure kowane mai. Na uku, masu baƙin tabo a kumatu da goshi, irin wanda ya kan fito wa mata lokacin ciki, gama rana ce ke ƙara masa duhu. Na huɗu, masu tabon ƙuna, da masu borin jini, da masu shan waɗansu magunguna, kamar ƙwayar doksisaikilin, waɗanda ke sa fata saurin ƙuna.

2. Abin da ke cikin hasken rana

Ban da hasken da ido ke gani da zafin da jiki ke ji, rana tana aiko da wani haske ɓoyayye iri biyu. Masana sun yi musu alama da haruffa, UVB da UVA. Na farkon shi ke ƙona saman fata. Na biyun ya fi ratsawa ciki, yana tsofar da fata, yana ƙara duhun tabo, har gilashin taga ya kan keta. Dukansu biyu suna da hannu cikin sankara.

Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya. Birnin Kano, alal misali, digiri 12 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka hasken nan yana da ƙarfi dukan shekara. Kada sanyin hunturu ko hazo ko gajimare su ruɗi kowa. Su kan rage shi, amma ba su kawar da shi. Lokacin da ya fi tsanani shi ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Wanda ba shi da agogo ya dubi inuwarsa: muddin ta fi shi gajarta, to, ranar nan mai cutarwa ce.

3. Mai iri biyu ne

Iri na farko an yi shi da garin ma'adini. A jikin kwalbarsa za a ga an rubuta Zinc Oxide ko Titanium Dioxide, ko duka biyu. Waɗannan su kan zauna bisa fata, ba su cika ratsa ta ba, da wuya kuma su kawo ƙaiƙayi ko su shiga ido da yaji. Na farkon ma shi ne a ke sawa cikin man da a ke shafa wa jarirai in zanen goyo ko kunzugu ya goge su, yana kuma cikin ruwan kalamin da a ke shafa wa masu ƙyanda da ƙaranbau. Mai raunin fata, wannan iri ya kamata ya fara nema.

Iri na biyu an yi shi da haɗe-haɗen magunguna waɗanda ke narkewa cikin mai. Yana aiki sosai, ba ya kuwa barin fari a fuska, mutane da yawa suna shafa shi lafiya lau. Amma a cikinsa a ke samun waɗanda fata mai rauni ta kan ƙi. Wanda ya fi suna wajen haka shi ne Oxybenzone, wani lokaci a rubuta shi Benzophenone-3. Mai raunin fata in ya ga sunan nan sai ya ajiye kwalbar.

Aibin irin na farko guda ne: ya kan bar fari-fari a baƙar fuska kamar an shafa toka. Maganin wannan shi ne a nemi wanda aka rina da jan ma'adinin ƙarfe, a jikinsa an rubuta Iron Oxides. Ya kan saje da launin fata, yana kuma da ƙarin amfani ga masu baƙin tabo, domin yana tare har hasken da ido ke gani.

4. Abin da za a duba a jikin kwalba

Tun da ya ke rubutun da Turanci ne, a nan taimakon malamai ya ke. Ga abubuwa biyar.

(a) Lambar SPF. Ita ke nuna ƙarfin mai wajen tare UVB. Mai lamba 15 yana tare wajen kashi 93 cikin 100, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Kada a sayi ƙasa da 30. Zabiya kuwa ya nemi 50.

(b) Kalmomin Broad Spectrum, ko haruffan UVA cikin da'ira. Ma'anarsu ita ce man yana tare hasken iri biyu. In babu su, kariyarsa rabi ce.

(c) Turare. Ƙamshi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi. A nemi wanda aka rubuta Fragrance Free. A kuma guji na fesawa da mai ruwa-ruwa wanda ya cika barasa, gama ya kan busar da fata, balle cikin hunturu.

(d) Lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin lura da abinci da magunguna da kayan shafa. A kuma lura kada a saya wa mutum man bilicin da sunan man kare rana.

(e) Ranar lalacewa. Wanda kwanansa ya wuce, ko ya tsinke, ko ya daɗe a shanye cikin rana a kasuwa, ba shi da amfani. A gida ma a ajiye shi wuri mai sanyi.

Tsada ba ita ce shaidar kyau ba. Mai araha wanda ya cika sharuɗɗan nan ya fi mai tsada wanda ya cika ƙamshi.

5. Gwaji da shafawa

Kada a fara da fuska. A ɗibi kaɗan a shafa a bayan kunne ko cikin damtse, safe da yamma, kwana uku ko huɗu. In ba ja, ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, sai a kai fuska. In kuwa wurin ya tashi, a wanke, a tafi da kwalbar wurin likita ko malamin asibiti, domin a gane abin da fatar ta ƙi. Kada a shafa bisa gyambo ko fatar da ta tsage tana ruwa.

Yawancin mutane su kan shafa ƙasa da abin da ya kamata, domin tattali, sai mai lamba 50 ya koma kamar ƙarami. Fuska da wuya na baligi suna bukatar wajen rabin cokalin shayi. A shafa minti 15 kafin fita, kada a manta da kunnuwa da ƙeya da bayan hannu. Wanda ke waje ya sake bayan kowace awa biyu, da bayan gumi mai yawa. Alwala tana wanke shi, saboda haka a mayar bayan alwalar azahar da ta la'asar. Jariri da bai kai wata shida ba, inuwa da tufafi su ne kariyarsa.

6. Mai kaɗai bai isa ba

Man kaɗanya da man gyaɗa da basilin suna laushin fata, suna da amfani cikin hunturu, amma ba su tare hasken nan yadda za a dogara da su. Abin da kakanninmu suka bar mana mai aiki shi ne malafa. Malafa mai faɗin baki tana inuwantar da fuska da kunne da ƙeya gaba ɗaya, ba ta ƙarewa, ba ta kuwa kawo ƙaiƙayi. Haka rawani da mayafi da riga mai dogon hannu, in saƙarsu ta yi kauri. Wanda ba shi da kuɗin mai, kada ya rasa waɗannan.

7. Abin da a ke bukata daga Hakimai

A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da zabiyoyi, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kare rana cikin jerin magungunan da suka wajaba. Amma abin da aka zartar a can ba ya isa ƙauye sai ta hannun shugabanni. Saboda haka a na roƙon Hakimai su sa dagatai su san gidajen da ke da zabiya, su yi wa iyaye bayani tun yaro yana goye. Kada a tura yaron kiwo ko talla ko noma da tsakar rana, a ba shi aikin safe da na maraice. A yi magana da shugabannin makarantu su yarje masa malafa da riga mai dogon hannu, a zaunar da shi gaba a aji, domin zabiyoyi galibi ganinsu da rauni.

Abu na ƙarshe shi ne mafi girma. Duk zabiyar da aka ga yana da wuri mai kaushi ko ɓawo a fuska ko kunne ko leɓe, ko gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, a gaggauta kai shi asibiti, kada a tsaya maganin gida. In abin ya fi ƙarfin asibitin gunduma, za a tura shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sankarar fata in an tare ta tana ƙarama, a kan cire ta mutum ya warke. In an bar ta ta yi jijiya, aikin ya kan gagara. Allah ya ba mu ikon kula da amanar da ke hannunmu, amin.