Za A Iya Yin Noma A Wata Duniya?

Manomin Minjibir ko Dawakin Tofa ya san gona ba ta hutawa a ƙasarsu. Jama'a ta yi yawa, fili ya yi kaɗan, gado kuma sai ƙara rarraba gonaki yake yi. Shi ya sa wasu ke tambaya: shin za a iya samun gona a wata duniya?

Masana sun gwada. A 2015 'yan sama jannati sun shuka latas a tashar da ke shawagi a sararin samaniya, har suka ci. A 2019 kumbon ƙasar Sin ya kai irin auduga duniyar wata. Ya tsiro a cikin rufaffen akwati, amma da dare ya yi, sanyi ya kashe shi. A farkon 2025 wake ya tsiro a cikin kumbon ƙasar Indiya. Wake dai irin wanda ake shukawa tsakanin gero.

To amma tsiro daban, girbi daban.

Duniyar da aka fi sa wa ido ita ce Mars. Kumbo kan yi kamar wata 7 kafin ya isa. Ba a ruwan sama a can, ruwan da ke akwai ƙanƙara ne. Iskar ba ta shaƙuwa. Hasken rana bai kai rabin na nan ba.

Babbar matsalar ita ce ƙasa. Ƙasar Mars ba ta da ruɓaɓɓen ganye, ba ta da kashin dabba. A 2008 an gano tana da wani gishiri mai guba. Manomi ya fi kowa gane wannan. Gonakin kewayen Kano ana noma su kowace damina, shekara da shekaru. Abin da ya riƙe su shi ne taki: kashin awaki da tumaki, toka da sharar birni, da ganyen gawo. A Mars kuwa ba akuya, ba gawo. Sai an gina rufaffen ɗaki, a sa masa iska da ruwa da wuta da taki.

Kuɗin wannan aiki ya fi gaban lissafi. Buhun gero ba zai taso daga Mars ya zo kasuwar Dawanau ba. Manufar masana ita ce matafiyan sama su riƙa noma abin da za su ci, don guzuri ba zai ishe su ba. Har yanzu kuwa ba mutumin da ya taɓa taka Mars.